Kafin A Buɗe Gidan Tsofaffi A Sakkwato

Shekaru talatin da suka wuce, in ka ce wa mutumin Sakkwato a gina gida na musamman a tara tsofaffi a ciki, sai ya dube ka sheƙeƙe ya tambaye ka ko 'ya'yansu sun mutu ne. A wurinmu tsoho a ɗakinsa yake tsufa, jikoki na kai masa ruwa, suruka na dama masa kunu. To, amma duk wanda ke zagaya unguwanni irin su Unguwar Rogo da Mabera ya san abin ya fara sakewa. 'Yan bindiga sun koro mutane daga Sabon Birni da Isa da Rabah, cikinsu har da tsofaffin da ba su da kowa a birni. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, magidanci da ƙyar yake ciyar da 'ya'yansa. Ga kuma namu tsofaffin ma'aikata, 'yan Zuru da Kudancin Kaduna da Filato, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a nan, 'ya'ya sun watse Abuja da Ikko, garinsu na asali kuma ya zama musu baƙon wuri.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne in wata ikilisiya ko zumuntar mata ta yi tunanin kama hayar gida mai ɗaki huɗu ko biyar, a ce a Unguwar Rogo, ta ajiye gwauraye da gajiyayyu. Niyya ce mai kyau. Sai dai ranar da ka kwantar da uwar wani a ƙarƙashin rufinka, ka karɓi maganinta da katin bankinta, ka wuce maganar taimako, ka shiga hannun doka.

Wace doka? Tsarin mulkin 1999, a sashe na 16, ya ce gwamnati ta nufi manufofinta wajen kula da tsofaffi da biyan fansho, amma wannan yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Wanda ke da haƙora shi ne babi na huɗu: sashe na 34 kan mutuncin ɗan Adam, na 35 kan 'yancin walwala, na 38 kan 'yancin addini. Babu inda aka ce waɗannan suna ƙarewa in mutum ya kai shekara saba'in. A Janairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda sai a 2021 ta fara aiki, shekarar da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Akwai kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 3, ko tarar da ta kai naira 500,000, ga wanda ya yi watsi da wanda ke dogare da shi. Ta kuma haramta tsare mutum, da raba shi da danginsa ƙarfi da yaji, da danne masa dukiya. Jihar Sakkwato ta yi tata irin wannan doka, wadda Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu a 2021.

Watau dokokin suna nan, a warwatse dai suke, kuma masu zagayen dubawa ba su da yawa. Wannan ne ke ruɗin mutane, su ɗauka tun da ba wanda ya zo tambaya, ba wanda zai taɓa zuwa.

Masu karatunmu ba su manta da gidan marayu na Du Merci a Kano ba. Ran Kirsimetin 2019 jami'an tsaro suka shiga, suka kwashe yara, aka tsare mai gidan, Farfesa Solomon Tarfa. Kotu ta wanke shi daga zargin satar yara a 2021, aka sake ɗaure shi a 2022 kan zargin jabun takardar rajista, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi a 2023. Kowa na da ra'ayinsa kan yadda aka bi da shi, mu ma muna da namu. Abin lura a nan shi ne, shekara uku cur ana kai da komo, kuma takarda guda tana tsakiyar rigimar. In har mai takarda ya sha wannan wuya, ina ga wanda ba shi da ko ɗaya? Duk mai son buɗe gidan tsofaffi ya fara da rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, sannan ya je ma'aikatar jiha mai kula da jin daɗin jama'a ya sami izini a rubuce, ya ajiye rasit da kwafin komai a wuri biyu. Ya kuma gai da mai unguwa da hakimi, ya gaya musu abin da zai yi. Sirri a irin wannan aiki shi ke haifar da jita-jita.

Amma takarda mai gida take karewa. Me ke kare tsohuwar da ke ciki?

A nan ya kamata mu waiwayi tarihinmu. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, bisa yarjejeniya da En'e. An yi jinya ta gaske, an ceci rayuka da dama, wasu ma a can suka tsufa don ƙauyukansu sun ƙi karɓarsu. Duk da haka tun a lokacin an yi ta gardama da sarakuna kan koyar da addini ga marasa lafiya da 'ya'yansu. Tambayar ba ta tsufa ba: mutumin da abincinsa da maganinsa ke hannunka, in ya ce maka "to", da zuciya ɗaya ya faɗa? Gidan da aka buɗe a unguwa irin Unguwar Rogo, inda galibin maƙwabta Musulmi ne, wata rana za a kawo masa tsohon da ba Kirista ba. Dole a ba shi wurin salla, a lura da abincinsa da azuminsa, a bar limaminsa ya shigo, in ya rasu a miƙa shi ga mutanensa su yi masa sutura. Kada halartar sujada ta zama kuɗin tuwo. Haka nan muke so a yi wa namu a gidan gwamnati ko na wasu.

Sai maganar ƙofa. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da mari a ƙafa, bayan nan aka sami irinsa a Daura. Kada wani ya ce wannan na wasu ne. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na Nuwamban shekarar ya sami masu taɓin hankali a ɗaure a asibitocin gwamnati da gidajen malamai da kuma majami'u. Duk inda aka rufe ƙofa aka hana dangi shiga, ƙarshensa ke nan. Tsohuwar da gigin tsufa ya kama, tana fita da dare, tana kiran sunayen matattu, ba mayya ba ce, ba kuma ɗaurewa take bukata ba. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ga asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Kware, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kafa sharuɗɗa kan tsare irin waɗannan mutane, ba a bar wa mai gadi ya yanke ba.

Sauran kuwa aikin yau da kullum ne, kuma a nan ake gane gidan kirki. Magani ya kasance a hannun ma'aikaciyar jinya mai lasisi, ana rubuta wanda aka ba da sa'ar da aka ba shi, domin mai hawan jini ko ciwon sukari kuskuren kwana biyu ya ishe shi. Mace ta yi wa mace wanka, a bayan labule. Dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin kuma ya cika, don haka gidan da keken guragu ba ya iya shiga banɗakinsa bai cancanta ba. A Sakkwato kuma, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin da taga guda kabari ne ga tsoho, wanda sau da yawa ba ya jin ƙishi sai jiki ya bushe. A lissafa randa da inuwa da fanka mai aiki da hasken rana tun kafin a sayi gado.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne kuɗi. Fanshon tsoho nasa ne. In ya yarda a cire wani abu don ɗawainiyarsa, a rubuta nawa ne, a karanta masa da Hausa a gaban ɗan'uwansa da wani shaida daga waje, ya sa hannu ko ya dangwala. Wanda ke riƙe katin banki kada ya zama shi ne mai rubuta lissafi. Takardar fili ko ta gida kuwa kada gidan ya karɓa ko da kyauta aka ce, don ranar da magada suka zo ba mai yarda cewa kyauta ce. Yarjejeniyar ta faɗi sarai cewa mazaunin gida yana iya tafiya ran da ya ga dama, ta kuma faɗi wanda zai kai wa kuka in an ɓata masa, mutumin da ba ya cin albashi a gidan.

Kwamitin da ya duba duk wannan ya ga ba zai iya ba, babu kunya. Kuɗin hayar shekara guda zai iya biyan mata biyu masu horo su riƙa bin tsofaffi gida-gida, suna auna jini, suna kai abinci, suna gyara ɗaki, tsohuwa kuma tana nan kan tabarmarta cikin maƙwabtan da suka san sunanta.