Amurka: Abin da ya nesanta baƙaƙen fata da gandayen dajin ƙasarsu

A watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin rufe shirye-shiryen daidaita dama tsakanin al'ummomi a hukumomin tarayya. Cikin waɗanda umarnin ya shafa har da Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1916, kuma ta daɗe da wani ciwo da ba ta warkar ba. Baƙaƙen fata sun kai kusan kashi 13 cikin 100 na jama'ar Amurka, amma binciken hukumar ya sha nuna cewa kasonsu cikin masu zuwa hawan duwatsu da yawon daji ya gaza haka nesa ba kusa ba.

Wasu na cewa ra'ayi ne kawai, kowa da abin da yake so. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A 1903 sojoji baƙaƙen fata ne suka yi gadin gandun Sequoia ƙarƙashin Kyaftin Charles Young. Daga baya wariya ta rufe ƙofa: a gandun Shenandoah da ke jihar Virginia an keɓe musu wani sashe a Lewis Mountain, kuma sai a 1964 dokar kare haƙƙin ɗan ƙasa ta haramta wariya a wuraren jama'a. Iyayen da aka hana shiga daji ba su da al'adar da za su gadar wa 'ya'yansu.

Akwai kuma tsoro. A ranar 25 ga Mayun 2020 wata farar fata ta kira wa Christian Cooper 'yan sanda a lambun Central Park na birnin New York, alhali tsuntsaye ya fito kallo. Ga tsadar mota da kayan zango, ga ƙarancin hutu ga mai ƙaramin albashi.

Ƙungiyoyi irin su Outdoor Afro, wadda Rue Mapp ta kafa a 2009, suna haɗa mutane su fita rukuni-rukuni. Sai dai gandayen dukiyar gwamnati ce da ake kula da ita da harajin kowa. Idan hukuma ta janye daga neman waɗanda ba sa zuwa, nauyin zai koma kan 'yan sa-kai, kuma su ba su da kasafin kuɗi ko ikon gyara manufa.