Binciken Tsara Aiki Ya Sauko Daga Kan Kanta

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wani fannin ilimi da ake nazarinsa a jami'o'inmu, wanda talaka ya fi kowa bukatarsa, amma ya fi kowa rashin cin moriyarsa. Shi ne ilimin tsara aiki da auna ingancinsa, watau sanin yadda ofis ko asibiti ko masana'anta za su biya bukatar jama'a da ma'aikata da kuɗi da lokacin da ke hannunsu.

Bukata ce ta haifi wannan ilimi. A 1909 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, A. K. Erlang, ya fara lissafin jiran layi, domin kamfanin tarho na Kopanhagan ya san yawan wayoyin da za su wadaci masu kira. A 1952 kuma Norman Bailey ya ɗauki irin wannan lissafi a Ingila, ya tsara lokutan ganin likita da shi.

Lissafin ba shi da wuya. In mutum 20 ke zuwa ofis kowace awa, akawu kuwa mutum 18 kaɗai yake iya sallama, to bayan awa 8 za a tarar da mutum 16 suna tsaye, komai himmarsa. Zagin akawun nan barin jaki ne ana dukan taiki. Maganin shi ne a rage takardun da ake cikewa, ko a raba wa jama'a lokutan zuwa, ko a ƙara tebur ɗaya a sa'ar cunkoso.

Mu a Zariya ba mu da uzuri. Makarantar horar da akawuna da aka buɗe a Kongo a 1947, ita ce ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ga ta nan dab da Tudun Wada, inda kasuwa da asibiti da ofisoshi ke cike da masu jira. To, kundayen bincike nawa ne suka taɓa fita daga ɗakin karatu suka isa teburin shugaban ma'aikata?

Tarihi ma ya ja mana kunne. Hukumar Cif Jerome Udoji, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972, ta miƙa rahotonta a 1974. Ta ba da shawarar ƙarin albashi, ta kuma nemi a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa. Aka karɓi kuɗin hannu bibbiyu, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, batun gyaran aiki kuwa aka yi masa riƙon sakainar kashi.

Saboda haka ina kira ga malamanmu da su tura ɗalibi bakin layi da agogo da littafi, ya ƙidaya, ya auna, sannan ya rubuta. A kuma wajabta masa kai taƙaitaccen sakamako, cikin Hausa mai sauƙi, ga wurin da ya yi binciken. Ku kuwa matasan ma'aikata, ku buɗe musu ƙofa, kada ku ɗauke su 'yan leƙen asiri. Yinin da manomi ya ɓata a kan benci yana jiran sa hannu, asarar ƙasa ce baki ɗaya.

Allah ya sa iliminmu ya amfani jama'a, amin.