Ba Carar Zakara Ke Kawo Asuba Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kamar yadda na saba, domin in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malamai a kan wani rami da mu masu riƙon lissafi mukan faɗa. Watau mu ga abu biyu suna hawa tare suna sauka tare, sai mu yanke cewa ɗayan ne ya haifi ɗayan.

Ina yaro, kakata takan hana mu cin sabuwar masara, wai ita ke kawo zazzaɓi. Hujjarta kuwa ba ta wasa ba ce, gama kowace shekara masara na nuna yara na kwanciya. Turawa ma sun daɗe cikin irin wannan kuskure. Mutanen Italiya sun lura mazauna bakin fadama sun fi kowa zazzaɓi, sai suka ɗora laifin a kan warin ruwan da ke kwance. Har sunan da suka ba cutar, maleriya, ma'anarsa mugunyar iska. Da za a tara lissafin shekara ɗari da ya goyi bayansu, don lalle inda fadama take nan ciwon yake.

Sai a 1880 wani likita Bafaranshe, Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin wani majiyyaci a Aljeriya. A 1897 Likita Ronald Ross ya same ta a cikin tumbin sauro a Indiya. Ashe ruwan kwance shi ke kawo wari, a cikinsa kuma sauro ke hayayyafa. Haka nan ruwan damina shi ke nunar da masara, shi ke cika kududdufai. Da wari da masara abokan tafiya ne kawai.

Duk da haka wasu ba su yarda ba, sai da aka yi gwaji a 1900. Likitoci biyu, Sambon da Low, suka kafa ɗaki mai tagogin waya a fadamar da ke kusa da birnin Rum, suka zauna wata uku a tsakiyar lokacin zazzaɓi. Suna shaƙar iskar nan dare da rana, amma kafin faɗuwar rana sun shige ɗaki sun rufe. Lafiya lau suka fito, alhali maƙwabtansu na ta kwanciya. A shekarar nan kuma aka kai sauro masu ɗauke da cutar daga Rum zuwa Landan, suka ciji ɗan Likita Manson, zazzaɓi ya kama shi ba tare da ya je fadamar ba. Da aka raba abokan tafiya, nan take mai laifi ya bayyana.

Saboda haka, ya ku masu karatu, kafin mu rubuta "dalili ke nan", mu yi wa kanmu tambaya uku. Shin akwai abu na uku da ke jan su duka biyu? Shin ba mu juya zancen ba ne? Garin da ke da asibiti yakan fi yawan marasa lafiya a littafi, amma don can ake zuwa a rubuta su ne. Ta uku, shin ba faɗuwa ce ta zo daidai da zama ba? Baƙuwa ta sauka jiya, yaro ya rasu yau, sai a kira baiwar Allah mayya.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Abin da akawu ya rubuta da shi shugabanni ke aiki. In ya kuskure dalili, a kashe kuɗi a banza, a zalunci marar laifi, a hana yara masara a bar su kwana ba gidan sauro.

Allah ya sa mu gane, amin. Wassalam.

Ni ne naku,
Akawu.