Daga Allurar Ƙwanji Zuwa Maganin Sankarar Mama: Ramin Da Samarinmu 'Yan Ɗaga Ƙarfe Ke Faɗawa

Duk wanda ya taso a Jos, ko Gangare ne, ko Dilimi, ko Unguwar Rogo, ko Ali Kazaure, ya san yadda abin yake. Da sanyin asuba, wannan sanyin na Filato mai shiga ƙashi, sai ka tarar da samari a wani lungu sun tuɓe riguna. An cika gwangwanaye biyu da siminti an soka ƙarfe a tsakiya, ana ɗagawa ana ƙirgawa. Garin da ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa ba baƙon motsa jiki ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce ɗaga ƙarfe laifi ne.

Abin da ya canza shi ne wayar hannu. Yaro yana kallon TikTok da Instagram, yana ganin ƙattai masu ƙirji kamar ƙofar gari, ana gaya masa a wata uku aka samu. Ga kuma maganar abinci: mai ƙwanji yana samun aikin gadi a otal, ko tsaron ƙofa a wurin biki, ko rakiyar ɗan siyasa. Irin waɗannan samarin ne ke sauko mana nan Kudu, wasu Agege da Idi-Araba, wasu Sabon Badun, wasu Shagamu, Anacha ko Fatakwal. Ƙannenmu ne, 'ya'yanmu ne, wasu ma su ne za su zo neman auren 'ya'yanmu. Shi ya sa maganar ta shafe mu kai tsaye.

Da farko, wace allura ce wannan?

A nan ana yawan ruɗewa. Akwai ƙwayoyin da mata ke sha don su yi ƙiba, waɗanda ake kira "sha ka fashe", da yawansu deksametason ne. Wannan wani iyali ne daban, da nasa bala'in. Waɗanda muke magana a kai su ne sitiroyid na gina tsoka, irin su Sustanon, Deca-Durabolin, Dianabol da Winstrol. Dukkansu ko dai sinadarin namiji ne, wato testosteron, ko kuma kwaikwayonsa aka yi a masana'anta. Stanozolol, wato abin da ke cikin Winstrol, shi aka samu a fitsarin Ben Johnson na Kanada a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, aka ƙwace zinaren da ya ci a tseren mita 100.

Kada a ɗauka harkar 'yan wasa ce kawai. Wani masani ɗan Ghana, Dominic Sagoe, shi da abokan aikinsa sun tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2014, suka ƙiyasta cewa kashi 6.4 cikin 100 na maza a duniya sun taɓa amfani da irin waɗannan magunguna. Mafi yawan masu amfani da su ba gasa suke shiga ba. Madubi kawai suke yi wa.

Abin da allurar ke yi wa namiji

A ɗauki misalin tankin ruwa mai famfon da ke kashe kansa idan tanki ya cika. Haka jikin namiji yake. Ƙwaƙwalwa tana auna yawan sinadarin da ke cikin jini. Idan ya yi ƙasa, sai ta aika saƙo zuwa maraina su sarrafa testosteron su kuma ƙera ƙwayoyin haihuwa. Idan ya wadata, sai ta rage saƙon.

To idan mutum ya ɗura sinadarin daga waje, ninkin-ba-ninkin abin da jiki ke buƙata, sai ƙwaƙwalwa ta ga tanki ya cika har yana ambaliya, ta kashe famfo. Maraina su daina aiki, su ƙanƙance. Ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani lokaci su ɓace gaba ɗaya daga maniyyi. Sannan jiki yakan juya wani kaso na sinadarin namiji zuwa na mace, wato estrojin, shi ne za ka ga ƙato mai faɗin kafaɗa nono ya fara tsiro masa yana ciwo.

Ranar da ya daina allurar, na waje ya ƙare, na ciki kuma famfo a kashe yake. Sai kasala, rashin sha'awa, raunin gaba, baƙin ciki marar dalili, ga tsokar da aka sha wahala a kanta tana zagwanyewa. A wannan gaɓar ce abokinsa na wurin ɗaga ƙarfe, ko wani ɗan YouTube, zai ce masa: "Ai ba ka yi PCT ba ne."

Mene ne PCT ɗin?

Taƙaitaccen suna ne na Turanci, ma'anarsa shan wasu magunguna bayan an gama zagayen allura don a tayar da famfon da ya mutu. Magunguna biyu aka fi amfani da su, kuma jin asalinsu kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani.

Na farko tamoksifen, wanda aka fi sani da Nolvadex. Kamfanin ICI na Ingila ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1960, aka fara amfani da shi a can a 1973, Amurka ta amince da shi a 1977. Maganin sankarar mama ne. Matan da aka yi wa aiki sukan sha shi shekara biyar, wasu har goma, don kada cutar ta dawo.

Na biyu kulomifen, wanda aka sani da Clomid. Tun 1967 ake ba matan da ƙwansu ba ya fita don su samu ciki. Duk matar da ta yi zaryar asibiti neman haihuwa ta san sunansa.

Yadda suke aiki shi ne, suna zuwa su toshe wuraren da sinadarin mace ke kamawa a wasu sassan jiki, a wasu sassan kuma su yi aiki kamar shi. A ƙwaƙwalwar namiji, toshewar tana sa ta ɗauka tanki ya yi ƙasa, sai ta sake aika saƙo zuwa maraina. A ƙirji kuma tamoksifen yana hana estrojin kama naman nono. Ka ga ke nan dabarar ba daga sama ta faɗo ba. Likitocin mafitsara da na haihuwa ma sukan ba wasu maza kulomifen, amma bayan gwajin jini da na maniyyi, kuma suna bibiya.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce alƙawarin da ake yi wa yaro cewa PCT zai goge komai. A ƙasar Holan an bi maza 100 masu allurar, tun kafin su fara, lokacin da suke yi, da bayan sun daina, a binciken da ake kira HAARLEM. Abin da aka gani shi ne, yawancinsu sinadarin namiji ya dawo cikin kamar wata uku da dainawa, ƙwayoyin haihuwa kuma sun ɗauki lokaci fiye da haka, har wajen shekara. Kuma ba a ga alamar waɗanda suka yi PCT sun riga sauran farfaɗowa ba. Wato babban maganin shi ne dainawa da haƙuri. Ƙera ƙwayar haihuwa ɗaya kaɗai tana cin kusan kwana 74, babu ƙwayar da za ta gajarta wannan. Waɗanda suka daɗe suna yi shekara da shekaru kuwa, akwai waɗanda jikinsu ba ya komawa daidai.

Ta biyu, ko da famfon ya tashi, Nolvadex da Clomid ba su gyara zuciya. Sitiroyid yana hawar da jini, yana lalata ma'aunin kitsen jini, yana kaurara naman zuciya, na haɗiya kuma suna cin hanta. A Denmak an bibiyi maza 545 da aka kama da sitiroyid a wuraren motsa jiki, sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna mutuwa a cikinsu ta ninka ta tsaransu har sau uku.

Ta uku, su kansu magungunan suna da nasu dafin. Tamoksifen yana ƙara haɗarin gudan jini a ƙafa da huhu da shanyewar ɓarin jiki, yana iya taɓa ido da hanta. Kulomifen yana sa wasu ganin dishi-dishi ko walƙiya a ido, ga saurin fushi da sauyin hali. Mai allurar testosteron dama jininsa ya riga ya yi kauri, sai kuma ya ɗora maganin da ke sa gudan jini. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Nonon da ya riga ya daɗe ya yi tauri kuwa, ƙwaya ba ta mayar da shi, sai tiyata.

Ta huɗu ita ce ta fi ban tsoro: PCT yana ba mutum ƙwarin gwiwar komawa. Tunda yana ganin akwai "gyara", sai ya sake zagaye na biyu, na uku. Masana sun ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 na masu amfani da sitiroyid sukan kai matsayin da ba su iya dainawa. A ƙara da haɗarin yin allura da sirinji ɗaya, hanyar ƙanjamau da ciwon hanta.

Wanda ke mafarkin wasa a ƙasar waje kuma ya sani, hukumar WADA ta haramta tamoksifen da kulomifen a kowane lokaci, ko ana gasa ko ba a yi. A 2016 an samu kulomifen a jikin 'yan damben UFC biyu, Jon Jones da Brock Lesnar, aka dakatar da kowannensu shekara guda. A gida kuma mun ga yadda Blessing Okagbare ta rasa komai bayan Olamfik ta Tokyo, hukuncin shekara 11, ko da yake nata wasu sinadarai ne daban.

Daga ina suke fitowa?

A doka, waɗannan magunguna ba a sayar da su sai da takardar likita, kuma mai ƙaramin kemis ba shi da lasisin ajiye su. Amma kowa ya san yadda kasuwar magani take a ƙasar nan. A Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye ta rufe kasuwannin magani na Idumota a Legas, Bakin Gada a Anacha da Ariaria a Aba, ta kwashe tireloli na jabu da waɗanda wa'adinsu ya wuce. Shekara guda kafin nan, an tashi 'yan magani daga Sabon Garin Kano zuwa Dangwauro. Waɗannan manyan kasuwanni su ne ke ciyar da shaguna a faɗin ƙasar, kuma uku daga cikinsu a maƙwabtanmu suke. Wanda ya sayi kwalbar allura ko katin ƙwaya ta bayan fage, ko ta WhatsApp, bai san abin da ke ciki ba.

Mun ga irin wannan a baya. Shekaru ana shan kodin a unguwanni, ba a motsa ba sai da BBC ta fitar da rahotonta a 2018, sannan gwamnati ta hana. Shi kuma sitiroyid ba ya sa maye, ba ya sa layi a titi. Mai yin sa ma shi ne ake nunawa a ce ga mai lafiya. Shi ya sa ba a ganin sa.

Akwai kuma wata fuska. Sankarar mama ita ce kan gaba a cikin sankarar da ke kama matan Najeriya. Ƙiyasin 2020 ya nuna sabbin masu cutar sun haura 28,000 a shekarar. Ga uwa tana neman kuɗin tamoksifen don ta rayu, ga ɗan unguwarsu yana sayen sa don ya ɓoye abin da ya jawo wa kansa. Kasuwar da ke sayar wa kowa ba takarda ita ce kuma ke buɗe wa na jabu ƙofa, kuma wannan uwar ce za ta fi kowa cutuwa.

Wa ake ɗora wa laifi?

A al'adarmu, idan aure ya shekara biyu babu ciki, ido kan amarya yake komawa. Ita za a kai wurin mai magani, ita za a ɗura wa jiƙe-jiƙe, ita za a yi wa gorin kishiya. Wani lokaci ma ita za a saya wa Clomid a kemis, alhali angon ne ya kashe famfonsa da hannunsa, kuma ya yi shiru. Wannan zalunci ne. Malamai sun bayyana cewa kare rai da kare zuri'a suna cikin manyan manufofin shari'a, kuma allurar ƙwanji tana taɓa duka biyun.

Abin yi

Kai ɗan'uwa da ka riga ka fara, kada kunya ta kashe ka. Je asibiti ka faɗi gaskiya: me ka yi, tsawon wane lokaci. A Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, akwai Jankwano, akwai asibitin ƙwararru na jiha. A Legas akwai LUTH nan Idi-Araba, a Badun akwai UCH. Za a auna sinadaran jini, hanta, ƙoda, hawan jini da maniyyi. Idan akwai buƙatar magani, likita ne zai zaɓa ya kuma bibiya. Idan kuma ka ji ciwon ƙirji, numfashi na sarƙewa, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ganinka ya canza, kada ka kwana a gida. Haka idan baƙin ciki ya kai ka ga tunanin halaka kanka, ka gaya wa wani a ranar.

Iyaye da yayye, idan yaro ya kumbura cikin 'yan makonni, ƙuraje sun feso masa a baya, fushinsa ya ƙaru, a zauna da shi cikin lalama. Kora da zagi ba za su sa ya daina ba, sai dai ya ƙara ɓoyewa.

Sarakunan Hausawa, limamai da ƙungiyoyin matasa a zangonanmu, kun yi wa'azi kan tiramol da kodin, to a saka wannan a ciki. A gayyato likita ko mai haɗa magunguna ya yi bayani bayan sallar Juma'a. Masu wuraren motsa jiki kuma su san cewa duk wanda ya bari ana cinikin allura a wurinsa, da shi a cikin alhaki. Hukumar kula da masu harhaɗa magunguna, PCN, da NAFDAC su ma su riƙa leƙa waɗannan wurare da shafukan intanet, kada aikin ya tsaya a kasuwa.

Magabatanmu 'yan dambe da 'yan kokawa, da 'yan dakon da suka yi lodi a Mile 12 da 'yan haƙar kuza a Filato, tuwo da fura da wake suka ci, suka yi ƙarfi, suka bar 'ya'ya da jikoki. Wanda ke son ƙwanji ya ɗaga ƙarfensa, ya ci abinci, ya yi barci, ya ba jikinsa shekara biyu ko uku. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.