Kada Mu Rena Lambu

Kwanan baya da aka raba mana fangali a bayan ɗakunan kwana, aka ce ko wane ɗaki ya shuka alayyahu da rama, mun ji waɗansu 'yan'uwanmu suna gunaguni, wai su karatu ya kawo su makarantan nan, ba jan guga ba. Mu da muka fito daga ƙasar Birnin Gwari maganan nan ta sosa mana rai ƙwarai, shi ya sa muka roƙi Edita ya ba mu ɗan wuri mu faɗi abin da muka sani.

An san ƙasarmu da masara da dawa, an kuma san ta da daji. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun zamanin En'e a 1936, aka kuma mai da shi gandun Gwamnatin Tarayya a 1999, yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Amma 'yan lambunan da ke bakin kogin Mariga da ƙananan rafuka babu mai ambatonsu, alhali kuwa su ke riƙe da tukunyar talaka a lokacin da ya fi ko wane wuya.

Shekarar mai lambu tana farawa ne sa'ad da ta sauran manoma ke ƙarewa. Da ruwa ya janye daga fadama, wajen watan Nuwamba, sai ya share wuri, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki da shanu, ya ja fangali, ya zuba takin gida. Kafin nan ya riga ya yafa irin tumatir da albasa da tattasai a wani ɗan wuri ya rufe da ciyawa, in sun tasa sai dashe. To, daga ran nan fa babu sauran hutu. A da da jigo a ke ɗebo ruwa; yanzu mai hali ya kan sayi inji, amma inji sai da mai, marar hali kuwa har yau da bokiti ya ke fama, safe da yamma, cikin sanyin hunturu. Sanyin nan da mu ke ƙi, shi tumatir da albasa su ke so. A Fabrairu da Maris kaya su nuna gaba ɗaya, kasuwa ta cika, kwandon da aka sha wuya a kansa a saye shi da arha. Mai dabara sai ya yayyanka nasa ya shanya, ya ajiye.

Sa'an nan bazara ta shigo, ita ce kuwa muka fi so a duba. Zafi ya sa furen tumatir ya zube, rafi ya tsinke ya koma gurbi gurbi, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, ga shi kuma ana neman kuɗin taki da na huɗa. Sabon amfani yana can gaba, sai bayan wata uku ko huɗu. A wannan tsakani ne ganye ke ceton gida. Alayyahu ba ya wuce mako uku zuwa huɗu a ke fara tsinkarsa. Da ruwan fari ya sauka, tafasa ta tsiro a bakin hanya ba wanda ya shuka ta, zogale ya yi sabon toho a jikin danga, yara su tafi neman yaɗiya da lalo.

Wanda bai ci kwaɗon sabon zogale a bazara ba, lalle da sauransa. A tsinke ganyen, a dafa shi, a tsane, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka ɗanyar albasa, in da hali a ɗiga man gyaɗa. Fate kuwa ba sai mun koya wa mutumin ƙasar Zazzau ba: tsakin masara ne da rama ko yakuwa, da alayyahu, da gyaɗa da daddawa. Abin lura shi ne, mudun tsakin da ba zai ishi gida ba in an yi tuwo, in aka yi fate da ganye mai yawa kowa sai ya ƙoshi. Iyayenmu mata sun san wannan lissafi tun ba a kawo allo da alli ba. Abu ɗaya kaɗai za mu ce da su, cikin ladabi: yawan kanwa da daɗewar ganye a kan wuta suna kashe wani ɓangare na amfaninsa ga jiki, ko da ya ke launin ya kan fi kyau a ido.

Mun san darajar abubuwan nan ne da muka rasa su. Shekarun da 'yan bindiga suka zauna a dajin nan, lambu ne ya fara mutuwa. Dalili kuwa a fili ya ke. Gonar masara mutum ya iya barinta kwana goma ya dawo ya same ta, amma fangalin albasa in ya kwana uku ba ruwa a watan Maris, ya tafi ke nan. Lambu yana bakin rafi, rafi kuwa sau da yawa yana bakin daji, kuma sai an je kullum, a lokacin da kowa ya sani. Harin da aka kai Gwaska, inda aka kashe mutane masu yawa, a watan Mayu na 2018 ne, watau tsakiyar bazara. Waɗansu garuruwa sai da suka riƙa biyan kuɗi kafin a bar su su je gona. Har tafasar da Allah ya ba mu kyauta, sai da uwa ta riƙa tsoron aiken ɗanta ya tsinko.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe. Mun yi murna. Amma mu ma'auninmu dabam ne. Kasuwa rana ɗaya ta ke ci a mako, ana kuwa iya tsare ta da soja. Ran da muka ga tsoho ya fita shi kaɗai da asuba ya ba albasarsa ruwa, ya yi haka wata huɗu ba fashi, ran nan za mu ce lafiya ta zauna.

Wani zai ce lambu ba ya arzuta mutum. Gaskiya ne, riba tasa kaɗan ce, hasara kuwa tana zuwa farat ɗaya. A 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir har Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci a kanta. Mu ma ba mu ce kowa ya bar karatu ya koma fadama ba. Cewa muka yi, mu da za a watsa cikin ƙauyuka mu koyar da yara, bai kamata mu je musu da hannun da ke ƙyamar ƙasa ba. Yaro yana duban abin da malaminsa ke yi fiye da abin da ya ke faɗi. In malam ya ja fangali biyu a bayan aji, ya dasa zogale a jikin shinge, yara za su koyi awo da ƙidayar kwanaki a wurin, su kuma kai iri gida.

Saboda haka muna roƙon malamanmu abu biyu. A yashe rijiyar da ke kusa da fangalin nan kafin zafi ya tsananta, a kuma yarda masu dafa mana abinci su karɓi abin da muka noma su yi mana fate ko da sau ɗaya ne a mako. Masu gunaguni kuwa, muna gayyatarsu ran da alayyahunmu ya isa tsinka, ko wanne ya zo da cokalinsa.