In Injin Jirgi Ya Mutu A Sama

Daga Wakilinmu, Kpakungu, Minna

'Yan'uwa mazauna Kurmi, ran 21 ga Fabrairu 2021 wani ƙaramin jirgin mayaƙan sama, ƙirar King Air 350, ya taso daga Abuja zuwa Minna domin aikin neman ɗaliban Kagara da aka sace. Jim kaɗan sai matuƙin ya ba da sanarwar inji ya lalace, ya juya, amma jirgin ya faɗi kafin ya kai fili. Mutum bakwai da ke ciki duka suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Direba a shataletalen Kpakungu in motarsa ta mutu sai ya raɓa gefen titi. Matuƙin jirgi kuwa ba shi da gefe, jarinsa kawai nisansa da ƙasa. In ya lula sama, fukafukai na iya lallaɓawa da shi zuwa fili ko gona. In yana ƙasa-ƙasa, juyawa kan cinye masa gudu da tsawo. Don haka ake horon matuƙan ƙananan jirage su nemi masauki a gabansu.

Saboda haka attajiranmu masu hayar jirage don gudun 'yan fashin hanya, ku riƙa tambayar takardun gyaran inji kafin farashi. Rigakafi ya fi magani.