Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: A Riƙe Ɗaliban Kwalejojin Jiha Har Su Kammala

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

 

Ranka ya daɗe, maganata a kan ɗaliban da ba a cika jin muryarsu ba ce: 'ya'yan talakawan da ke karatu a kwalejojin jiha, irin su Kwalejin Fasaha ta Kano da rassanta na Gwarzo da Rano, da Kwalejin Noma ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta, da Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano wadda kowa ya fi sani da Ligal. Nan ne ɗan mai shayi da 'yar mai ƙosai suke samun gurbi idan jami'a ta gagara. Nan ne matar aure take komawa aji bayan haihuwa biyu.

Ba mu manta ba, a 2023 gwamnatinka ta zabge rabin kuɗin makaranta a manyan makarantun jiha, a 2024 kuma ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Iyaye sun yi ta sa albarka, kuma ka cancanta. Sai dai rangwamen ya taimaka ne wajen shiga. Inda gizo ke saƙar shi ne zama har a fita da takarda a hannu.

Ni malami ne a ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu, ba sai na kama suna ba. A farkon zango aji cike yake maƙil, har wasu suna tsaye. Kafin jarrabawa sai ka ga benci ya fara yin sarari. Ka tambaya, a ce wane Litinin da Talata kaɗai yake iya zuwa, sauran kwanakin yana shagon ɗinki yana haɗa kuɗin adaidaita sahu, domin tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin gidansu. Akwai wata ɗaliba da take ɗaukar darasina daga waje, ta taga, da goyo a baya, tana jijjiga shi tana rubutu a kan dakalin tagar, don kada kukan yaron ya dami 'yan aji. Rubutunta ya fi na kowa tsabta. Zango na biyu ban sake ganin ta ba, kuma babu ofishin da aikinsa ne ya ɗaga waya ya tambaye ta lafiya. Irin waɗannan yara ba jarrabawa ce take kayar da su ba. Kuɗin mota ne, da yunwar rana, da rashin wanda za su kai wa kuka.

Wannan ciwo ba namu ne kaɗai ba. A Amurka akwai kwalejoji na shekara biyu da suke kira kwalejojin al'umma, masu karɓar talaka da ma'aikaci da baƙon da ya zo ci-rani, kuma su ma sun daɗe suna fama da ɗaliban da ke zubewa a hanya. A 2007 jami'ar birnin New York, wato CUNY, ta fara wani shiri mai suna ASAP a kwalejojinta. Ba wani abin al'ajabi suka yi ba. Sun ba ɗalibi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta, sun ɗauke masa kuɗin littattafai, sun cike masa abin da ya rage na kuɗin makaranta, sannan suka haɗa shi da mai ba da shawara wanda dole su riƙa ganawa a kai a kai. Da cibiyar bincike ta MDRC ta bi diddigi, sai ta tarar kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala cikin shekara uku, alhali a cikin takwarorinsu kashi 22 ne kawai. Da aka gwada shi a kwalejoji uku a jihar Ohio, nan ma ya yi tasiri. Na san aljihunmu ba irin nasu ba ne. Amma a duba da kyau: ginshiƙin shirin mutum ne wanda ya san sunan ɗalibi, kuma malamai ba su ne muka rasa ba.

Roƙona shi ne kowace kwaleji ta samu ofishin kula da ɗalibai na gaske, mai kasafinsa, ba ɗakin da ake zuwa sa hannu a takardar sallama kawai ba. A raba wa malamai ɗalibai, kowa da nasa, wanda ya yi mako biyu bai zo ba a neme shi. A sa motocin bas a manyan hanyoyi da safe da yamma a kan farashi mai sauƙi. A ware ɗaki ɗaya da masu raino biyu saboda masu goyo; wannan ko kuɗin fentin ƙofar makaranta bai kai ba. Ofishin nan kuma shi zai zauna da yara ya cike musu takardar neman bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2024, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, har da naira 20,000 ta kashewa duk wata. Da yawa sun ƙi nema saboda zaton riba ce, wasu kuma lambar NIN ko BVN ce ta tsayar da su.

Sai batun maƙwabta. Da la'asar ɗakunan koyon sana'a na kwalejojin nan a kulle suke, injuna na shan ƙura, ga kuma dubban matasa a Ƙofar Ruwa da Farm Centre da Ƙofar Wambai waɗanda hannunsu ya iya aiki amma ba su da shaidar ko ɗaya. Bakanike zai sauke inji ya mayar ido rufe, amma kamfani ya ce ina takarda, sai ya yi shiru. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana da tsarin tantance gwanintar mai sana'a a ba shi shaida, kuma Kwalejin Fasaha ta Kaduna ta riga ta gwada haka da masu sana'a na kasuwar Panteka. Me zai hana a buɗe azuzuwan yamma a nan Kano, da Hausa, a koya musu lissafin ciniki da karatun zanen aiki, a gwada su a ba su takarda? Haka manoman Ɗambatta da Makoɗa, bai kamata kwalejin noma tana tsakiyarsu ba amma sai dai su hango ta daga bakin titi.

Ranka ya daɗe, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ka umarci shugabannin kwalejojin nan su kawo maka adadin ɗaliban da suka ɗauka shekara uku da suka wuce, da adadin waɗanda suka kammala a cikinsu. Ka duba ratar da idonka, sannan a sa wa ofishin nan kuɗinsa a kasafin baɗi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin kwaleji a Kano